Motar Ɗauko Baba

Juma'a, 19 ga Afrilu, 2024

Baba ya samu biza! Ina tsaye a tashar bas a nan Germantown, sanyin safe yana tsinka mini kunne, ya kira. "Sailuba, Turawanki sun buga mini hatimi. Goma ga Agusta zan sauka." Na yi tsalle har wata tsohuwa ta matsa gefe da jakarta.

Alhaji Maitama na Kantin Kwari a Amurka. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana sayar da atamfa ba a taɓa yi masa wayo a ciniki ba, in ji shi. Cikin mu tara ni kaɗai yake cewa na gado shi, don tun ina firamare nake zama kan bandir ina kallon yadda yake juya mutane.

Na yi wa kaina alkawari a cikin bas: da motata zan ɗauko shi daga filin jirgin Dulles. Ba motar haya ba, ba ta Anti Kaneng ta wajen aikinmu ba, duk da na san ba za ta hana ni ba. Tawa. Kuma sai na ba shi labarin yadda na wahalar da masu sayar da ita.

Ya shirya dai, don na san halinsa. Baba bai taɓa runtsawa a mota ba. Gaba yake zama, ya riƙe ƙofa, yana tuƙi da baki tun daga Kano har Kaduna. Bai yarda da direban kowa ba.

Asabar, 20 ga Afrilu

Na gan ta. Ƙaramar jif ruwan zuma, a wani wajen sayar da motoci a titin Rockville Pike. Wallahi da na zauna a ciki sai da ƙirjina ya buga, amma na ɗaure fuska kamar an ba ni magani mai ɗaci.

Mai sayarwar sunansa Gregory, wani dogo mai sanƙo da fara'a. Na ce zan ba da kafin alƙalami, sauran a biya wata-wata. Ya ce to in rubuta lambar soshiyal ɗina, wadda gwamnati take gane kowa da ita a ƙasar nan, a takarda don a ji abin da banki zai ce. Na rubuta, mene ne a ciki. Makin kiredit ɗina, wanda bankuna suke auna amanar mutum wajen biyan bashi da shi, ɗari bakwai da ashirin ne, kullum sai na duba shi a waya kamar sakamakon jarrabawa. Katin bashi ɗaya gare ni tun zuwana ƙasar nan, ban taɓa makara da biya ba.

Ya dawo yana murmushi, wai kuɗin ruwa kashi shida cikin ɗari, wai ga sabon zuwa wannan sa'a ce. Maganar ruwan nan tana damuna, Allah Ya sani, shi ya sa nake so in matse shi iya matsewa. Kuma wa ya taɓa saye a farashin farko?

Na miƙe, na gyara mayafi, na nufi ƙofa a hankali a hankali, ina jiran ya ce in dawo. Mutumin nan sai ya riga ni zuwa ƙofar, ya buɗe mini, ya ce in wuni lafiya.

Ba komai. Zai neme ni.

Laraba, 24 ga Afrilu

Na ba Baba labari. Ya yi dariya har da tari. "Haka ake yi, 'yar gidana. Kar ki nuna kina so. Ki zaga, ki ji bakin kowa."

Asabar, 11 ga Mayu

Asabar ɗaya nake hutu cikin biyu ko uku, aikinmu na wankin ƙoda a asibiti ba ya jiran kowa. Yau na tafi Gaithersburg. Irin jif ɗin ce amma baƙa. Nan ma lambar soshiyal, nan ma na bayar. Suka ce shida da rabi. Na ce musu a Rockville an ba ni ƙasa da haka, matar ta shiga ciki ta fito, ta shiga ta fito, ta rage ɗan abin da bai kai a faɗa ba.

Daɗi na ji, wallahi. Na yi kewar wannan abin. A ƙasar nan komai da farashinsa manne a jiki, ka ɗauka ka biya ka fita kamar kurma. Yau ne na ji ni a kasuwa.

Ban gaya wa Anti Kaneng ba. So nake kawai ta ga na faka kusa da ita wata safiya.

Lahadi, 2 ga Yuni

Kayan ɗakin Baba: zanin gado, bargo mai kauri don na san zai ce sanyin na'ura ya kama shi, da kujera mai kwanciya. A kanti na farko yarinyar da ke karɓar kuɗi ta ce in na buɗe katin bashinsu za a yi mini ragi. Ragi? Ni za a tambaya? Na buɗe. A kantin kujera ma haka, na buɗe na biyu.

'Yar Maitama ke nan.

Asabar, 8 ga Yuni

Har Alexandria ta jihar Virginia yau. Jirgin ƙasa na jan layi daga tashar Shady Grove, na canza zuwa na shuɗin layi, na sauka na hau bas. Ƙafata ta yi tsami amma na tuƙa motoci biyu. Na bayar da lamba, na sha shayinsu na kyauta, na ji bakinsu, na fito. Kashi bakwai da wani abu. Su suka sani, 'yan Virginia da tsada.

Litinin, 17 ga Yuni

An yi Sallah, na ci naman mutane a garin Clinton har na gaji. Na duba maki a hanya, ya sauka ƙasa da ɗari bakwai. Manhajar ce ta rikice, ban ci bashin kowa ba.

Asabar, 6 ga Yuli

Waje na huɗu, can hanyar Frederick. Takwas suka ce. Na yi dariya a gabansu.

Abin da na lura: duk sun haɗa baki ne, suna so in gaji. Ba su san wadda suka samu ba. Yanzu na ji bakin kowa, sai in koma wa Gregory in ce na zo, amma ya sauko daga shida. Na riga na zaɓi turaren da zan rataya a madubi.

Asabar, 20 ga Yuli

Ban san ta inda zan fara ba.

Na shiga da kwalliyata. Gregory ya gane ni, har sunana ya tuna. Abu na farko, jif ruwan zuma an sayar tun watan Mayu. Na haɗiye wannan, akwai wata ruwan toka. Ya ce amincewar bankin ta wancan lokaci ta daɗe da ƙarewa, sai an sake dubawa. Na ba shi lamba.

Ya daɗe a ciki. Da ya fito babu murmushin. Sha ɗaya cikin ɗari. Bankuna biyu ma sun ƙi sam. Makina ɗari shida da sittin da wani abu.

Na ce ƙarya ne, ban taɓa makara ba ko sau ɗaya. Ya juyo mini da allon kwamfutar, sunayen bankuna jere reras, waɗanda ban taɓa taka ƙofarsu ba. Ya tambaye ni a hankali ko wani ne ya saci lambata. Na ce a'a. Ya ce to ni ce na je duk wuraren nan? Na ce ciniki nake yi.

Wannan karon da sauri na fita, ban jira kowa ya kira ni ba. A bas na yi kuka, na juya fuska wajen taga. Saura mako uku.

Litinin, 22 ga Yuli

Na gaya wa Anti Kaneng lokacin hutun rana. 'Yar Jos ce, ta shekara ashirin a nan, Hausarta ta fi tawa gudu in ranta ya ɓaci. Ta ajiye cokali.

"Sailuba, wata uku kina yawo da lambarki kina rabawa kamar goron biki, ba ki gaya mini ba?"

Na ce farashi kawai nake tambaya.

Ta ce farashin mota daban, wannan a baki ake tambayarsa, ba a ba da lamba. Ranar da na rubuta lamba na sa hannu, bashi na nema, kuma ana rubuta wa mutum duk neman da ya yi. Mai mota kuma ba banki ɗaya yake aika wa ba, watsawa yake yi wurare da yawa. Ta ce sun san mutane suna zagayawa, shi ya sa in an yi duka cikin kamar mako biyu ake ɗaukarsa nema ɗaya. Ni kuwa na baje nawa daga Afrilu har Yuli, ga tarihina gajere, ga sababbin katuna biyu a kai.

"Katuna biyu saboda bargo," ta ce. Ta riƙe kai tana dariya, ni ma har na yi, ban so ba.

Abin da ya fi ci mini rai, na san wannan tun ina yarinya. A Kwari in mutum ya shiga shago biyar yana neman a ba shi kaya bashi, kafin la'asar duk layin ya sani, kuma babu mai ba shi ko yadi. Ni a zatona tayi nake yi.

Talata, 23 ga Yuli

Baba ya kira. "Yaya motarmu?" Na ce ana kan ciniki. Ya ce madalla.

Alhamis, 25 ga Yuli

Anti Kaneng ta ja ni zuwa bankin haɗin gwiwa na ma'aikatan lafiya inda take ajiya. A mota ta yi ta ja mini kunne: yau za a duba, cikin mako biyun duban Gregory, don a haɗa su ɗaya. Daga nan lambata ta koma cikin jaka, ko wa ya tambaya in ce ina da bankina.

Matar bankin ta duba takardar albashina, ta saurari labarin kasuwata ba ta yi dariya ba, Allah Ya saka mata. Tara cikin ɗari, kuma kuɗin ba zai kai jif ba. Ta ce in na shekara ina biya a kan lokaci, makin zai farfaɗo, sai a sake lissafi.

Tara. Ni da aka ba shida na yi tafiyata ina rangwaɗa.

Amma akwai mota. Akwai mota!

Asabar, 27 ga Yuli

Na koma wajen Gregory da takardar banki a hannu. Kunya kamar in nutse, shi kuwa ko a fuska. Ya nuna mini wata ƙaramar mota fara, ta hannu, shekararta huɗu, mai tsabta. Fara dai irin ta kowa.

A kan kuɗin motar kuwa na zauna daram. Nan ne wajen cinikin ashe. Na nuna masa ƙarzuwa a ƙofar baya, na ce tayoyin gaba sun fara cinyewa, na yi shiru na bar shi da shirun. Ya rage. Na ce saura gyara. Bai gane ba, na yi masa bayani: a garinmu in an gama ciniki sai mai kaya ya ɗora wani abu a kai. Ya yi dariya ya kawo shimfiɗun ƙafa sababbi, ya cika tanki.

Na tuƙo ta har gida ta babbar hanyar 270, ina ta salati ina dariya ni kaɗai. Na faka, na fito, na koma na zauna a ciki ba dalili.

Lahadi, 4 ga Agusta

Gwajin hanyar Dulles da Anti Kaneng. Na ɓata sau ɗaya bayan gada. Ta ce ina riƙe sitiyari kamar zai gudu.

Juma'a, 9 ga Agusta

Na wanke ta, na rataya turare. Na shirya abin da zan ce in ya tambayi nawa aka fara sa mini. Na shirya na gaskiya, na shirya wanda aka gyara. Ban san wanda zai fito ba.

Lahadi, 11 ga Agusta

Ya iso jiya da la'asar. Ya rame, gemun ya yi fari fat, a waya ba a gani. Babbar riga a cikin zafin nan, da jaka cike da kilishin da aka ƙwace rabinsa, yana ta mita.

Da muka isa wajen fakin na danna makulli, fitilunta suka yi ƙyafta. Ya tsaya. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya dafa bonet, ya ce, "Taki ce?" Na ce tawa ce, Baba. Ya yi addu'a mai tsawo, ya tofa, ya shiga gaba ya riƙe ƙofa kamar yadda ya saba.

Na jira tambayar. Mun fito daga filin jirgi ina jira. Ya ce in bi a hankali da waccan babbar motar, na ce to. Ya tambayi sunan kogin da muka haye. Ya ce itatuwan garin nan sun yi yawa. Daga nan shiru.

Wajen Rockville na waiga. Hannunsa ya saki ƙofar, yana kan cinyarsa. Hula ta karkace, baki a ɗan buɗe. Barci yake yi.

Na rage gudu na koma layin dama. Da na iso mahaɗarmu ta Germantown ban fita ba, na wuce har ta gaba na zagayo, don kar tsayawa ta tashe shi.

Har yanzu bai tambayi kuɗinta ba. Yau da safe yana shan shayi ya kira abokansa na Kwari ɗaya bayan ɗaya, abu ɗaya yake faɗa wa kowa: "Sailuba ce ta tuƙo ni."

Ga wayar nan kusa da ni. Ina jin tun ranar Alhamis ban duba maki ba.