Takardar Idon Malam Uwaisu Ta Iso Ranar Sadakar Bakwai

Cikin alhini da miƙa lamari ga Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Direbobi da 'Yan Dako ta Kan Iyakar Jibiya ta samu labarin rasuwar ubanmu, Malam Uwaisu Bugaje, Sarkin Tsaftar Tashar Magama, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata, 4 ga Fabrairu, 1975. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara goma sha tara marigayin ya yi yana duba katin allurar matafiya a wannan iyaka, kuma babu direban da ya taɓa yin tari a gabansa ya wuce Maraɗi bai leƙa ɗakin magani ba. Mun sha yi masa gunaguni a bayan ido, ga shi da yawanmu muna raye yau albarkacin taurin kansa. Lokacin da fari ya koro bayin Allah daga Nijar, shi ya riƙa tarbarsu tun kafin hukuma ta san sun iso.

Bara idanunsa suka yi jajur, muka ɗauka afolo ne, tunda ba ya tari. Wani likita mai ziyara ya yi zargin tarin fuka ne ya hau masa ido, ya ɗibi abin gwaji daga jikinsa da na wasu mutum takwas masu irin ciwon, direbanmu Lawwali ya kai birni cikin ƙanƙara. Sau uku a mako motocinmu ke wucewa ta ƙofar ofishin da sakamakon yake, sau goma sha ɗaya muka roƙa a ba mu takardar mu kawo da hannunmu, kamar yadda muke kai wasiƙun kowa, aka ce takardar hukuma sai motar hukuma. Motar kuwa, sabuwa fil, da idonmu muka riƙa ganinta tana jigilar siminti.

Malam ya makance, ciwon ya gangara ƙirji, bai daina cewa za su aiko da takardar ba. Sun aiko ranar sadakar bakwai. Zargin likita gaskiya ne, maganin yana nan, hatimin takardar kuma ya nuna wata goma ta yi a ajiye. Mun yarda da ƙaddara, amma ba za mu ɓoye ba: an ci amanar mutumin da bai taɓa cin ta kowa ba.

Muna miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa Malama Delu, da 'ya'yansa, da Mai Girma Hakimi, da ɗaukacin jama'ar Bugaje. Allah Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba iyalansa haƙuri da juriya.

Gobe da safe motar ƙungiya za ta kai sauran mutum takwas asibiti, ba mu jiran motar kowa. Suna na biyu a takardar, ƙarƙashin na Malam, shi ne na autarsa, Balki.

Alhaji Ɗantala Mazanya
Sakataren Watsa Labarai
Ƙungiyar Direbobi da 'Yan Dako ta Kan Iyakar Jibiya