Ba Mai Yi Mata Magana

Asabar, 6 ga Yuli, 2024

An dawo mini da yarinyar daga Janbako. Tun yaye tana hannun Inna, surukata, har ranar da 'yan bindiga suka tashi garin, Inna ta faɗi a hanyar gudu ba ta sake tashi ba. Kafin mu gano inda take, wata biyar yarinyar ta yi a gidan wasu bayin Allah da nasu 'ya'yan ma sun ishe su. Shekararta uku saura kaɗan, kuma ba ta magana. Ko "ruwa" ba ta cewa, sai dai ta nuna randa.

Laraba, 10 ga Yuli

A asibiti sun ce kunnenta lafiya lau. To mene ne?

Asabar, 13 ga Yuli

Na je karatun ƙarshen mako, wanda na shiga don neman ƙarin girma a firamaren da nake koyarwa. Yau kimiyyar harshe. Malam Sufyanu ya ce kowane ɗan Adam da shirin harshe a kansa ake haihuwarsa. Ba mai zaunar da jariri ya koya masa nahawu, shi ke tsamo ƙa'ida daga abin da yake ji. Har na ji sanyi a raina. Sai ya ƙara da cewa iri komai kyansa sai da ruwa. Yaron da ba a yi wa magana lokaci na wuce shi, kuma abin da ya wuce ba ya dawowa duka. Na rubuta wannan a littafina.

Talata, 16 ga Yuli

Na ƙirga. Daga safe zuwa la'asar kalma huɗu na ce mata: zo, ci, bari, kwanta.

Ɗiyar fari ce, kuma sunan Inna ta ci, kunya biyu ke nan. Uwata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan ɗanta na fari, Yaya Balarabe, ba, kuma ga shi nan ya fi kowa surutu. Amma shi ya tashi da kaka da gwaggonni, gida cike. Mu ɗaki ɗaya ne na haya a Mafara, maigida yana gona a Bakura sai Juma'a. Daga ni sai ita. Ina jin tsoro, gaskiya.

Juma'a, 19 ga Yuli

Na gaya wa maigida. "Boko dai ya ɓata ki. Wa ka hira da ɗiyar fari? Lokacinta na bai yi ba." Ya karɓo rubutu, ta sha.

Lahadi, 28 ga Yuli

Na rufe ƙofa na gwada. Na zauna a gabanta, na buɗe baki, wallahi ko "a" ban iya cewa ba. Ni da nake wuni ina yi wa yara sittin ihu! Na ji haushin Inna da ta mutu ta bar ni da aikinta, Allah Ya yafe mini. Na yi ta kuka, ita tana wasa da bakin tabarma.

Alhamis, 8 ga Agusta

Wanki a tsakar gida, matan haya duk suna waje. Ta tsuguna kusa da bahon. Ban san yadda aka yi ba, na ji ina cewa wannan sabulu ne, wannan rigarki ce, ja ce, Hindu, taɓa ki ji. Suɓutar baki ce kawai.

Lantana, maƙwabciyata, ta tafa hannu. "La ilaha! Kun ji malama ta kira suna tsakar rana. Kunya ta ƙare duniyag ga!" Suka yi ta dariya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban dai yi shiru ba, tunda an riga an ji.

Ba ta ce komai ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Bakina dai take kallo, har na gama shanya ba ta ɗauke ido ba.

Gobe ma akwai wanki.