Ammu Abdul-Maujud Ya Kashe Mini Aiki Sau Uku

Abla Tahani, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zan yi nadama.

Ni ce mai kula da kwamfutoci a wani gidan ajiye tsofaffin takardun gonaki a garin Damanhur na ƙasar Masar. Mun ɗauki hoton takarda dubu tamanin, saura manhajar fihirisa, wadda za ta sa manomi ya faɗi sunan kakansa, takardarsa ta fito nan take. Wadda ake samu a shirye ta ƙi zama a tsohuwar kwamfutarmu, dole na sauko da ɗanyen rubutunta na harhaɗa da kaina. Kwana huɗu ina farautar 'yan guntayen da take buƙata. Da komai ya kammala, sai na ga harhaɗawar na cin awa tara, mu kuwa awa shida muke aiki.

Ƙarfe biyu na yi, mai gadinmu Ammu, wato Baffa, Abdul-Maujud zai sauke babban makunnin wutar ginin. Sau uku ke nan! In na zo da safe aikin ya lalace, sai in share in faro. Na manna takarda a kan makunnin, ya cire ta ya ninke, ya ajiye mini a ƙarƙashin kofin shayi. Na yi masa bayani har muryata ta dushe, yana ta kirana bashmuhandisa, wato babbar injiniya, yana cewa in sha Allahu, ya sake kashewa. Wai tun gobarar da aka yi a ginin shekara ashirin da suka wuce, wadda ya kwaso takardu a cikinta har hannayensa suka ƙone, bai taɓa barin wuta a kunne ba. To ni na kunna gobarar?

Ranar Alhamis kwamitin duba aikinmu zai zo. In bai ga manhajar tana aiki ba, za a kwashe takardun a kai Alƙahira, manomanmu su koma bin jirgin ƙasa don takarda guda. Na rubuta ƙararsa, tana cikin jakata. In na miƙa, korarsa za a yi, ga shi shekara ɗaya ta rage ya yi ritaya. Haushi ya hana ni tunani.

Mai fushi, Damanhur

'Yata, fushinki yana kan hanya, kuma manomanki sun cancanci wannan aiki. Amma bar ƙarar nan a jaka.

Harhaɗawar ba ta da wuya: ki faɗa wa shugabanku, ki zauna rana ɗaya har awa taran ta cika. Sai dai ko kin gama, kwamfutar da za ta amsa wa jama'a dole ta kwana a kunne, kuma duk mai gadin da aka kawo zai tarar da makunni ɗaya ne ga ginin duka. Ki nemi a ja wa ɗakinki layin wuta na daban, mai katse kansa in waya ta yi zafi. Ranar da mai gyaran wuta zai zo, ki tsayar da Ammu kusa da shi, a gwada a gabansa, sannan ki damƙa masa mabuɗin ɗakin.

Takardu dubu tamanin ɗin da kike wa fihirisa, ki tambayi kanki nawa ne a cikinsu suka fito daga wuta a hannayen nan. Kafin Alhamis, ki zaunar da shi gaban kwamfutar, ya zama mutum na farko da zai faɗi sunan kakansa.

Allah ya huci zuciyarki, ya ba ku sa'a ku duka biyun.

Abla Tahani