Hanyar da Kike Zagayewa

Zuwa ga 'yata Balkisa, a Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki na asibiti, ina sanar da ke, da duk masu leƙen wannan shafi, cewa motona mai ƙafa biyu ya cika ranar Talatar da ta wuce, a gaban gidan mai, bayan doguwar jinya. Makanike ya ce sai haƙuri. An yafe zaman makoki.

Tun ranar, ubanki a ƙasa yake tafiya. Abin da ya sa na kasa zama ke nan, har na ɗauki alƙalami.

Mahaifiyarki ta gaya mini an ba ki zaɓi, ki dawo asibitin Arlit ko ki zauna can, kuma kin fi karkata ga zama. Na yi ta neman dalili. Na ce zafi ne, na ce ruwa ne, na ce tun da aka rufe ramin haƙar ma'adinai na Akokan garin ya yi sanyi. Na zargi kowa, har gwamnati, wadda ba ta taɓa ƙin karɓar zargi ba.

Kin tuna yadda nake miki tsiya lokacin kina lakkol, kina 'yar makaranta? Daga gidanmu hanya ta miƙe, ta bi gaban tasha inda manyan motocin Assamakka ke tsayawa, ta wuce fadarmu ta shan shayi. Ke kuwa sai ki bi ta bayan masallaci, ki ratsa layin masu waina, ki ɓullo ta wajen famfo. Na ce da ke ce kika zana taswirar duniya, da har yau ba a isa Makka ba. Na ce babu titin da ya fi namu tsaro a garin nan, tunda ba a taɓa rasa mutane a kansa ba, kuma ni da abokaina muna zaune. Kika ce, "Baba, ai shi ya sa." Na ɗauka shagwaɓa ce.

Jiya bayan la'asar na biyo titin, wata yarinya tana gabana, sa'arki ta wancan lokacin, da jakar littattafai. Ba kallonta nake ba, gwiwata nake lallashi. Amma na ga ta tsallaka titi kafin ta kai wajen yaran mota, ta sake tsallakowa kafin garejin makanikai. Wani ɗan kabu-kabu ya rage gudu, ya jera da ita, yana magana ita tana kallon ƙasa. Ta kara waya a kunne, bakinta bai motsa ba. Ni da na koyar da lissafi rabin rayuwata, na ga layin da ba ya cikin kowane littafi.

Sai ta waiwayo. Ta ƙara sauri. Na duba bayana in ga wane ɗan iska ne, na tarar ba kowa. Ta faɗa wani butik ta tsaya tana juya gwangwanin madara har na wuce.

Uwata, ni ne. Da furfurata, da tabarau, da carbi a hannu. Ita takun namiji kawai ta ji a bayanta.

Da na iso fadarmu ban zauna ba, na tsaya daga tsallake. Ga Ghali, tsohon direban kamfani, yana ɗaga buta sama yana tara kumfa. Ga Alhaji Sani Bakatsine ya baro shago yana gyara siyasar duniya. Wata mata ta zo wucewa. Hira ta yanke ɗif, kawuna suka juya tare, suka raka ta har kwana, sannan aka ɗora daga inda aka tsaya. Shekaru nake cikin wannan shiru ban taɓa jin ƙararsa ba.

Na faɗa musu. Ghali ya ce, "Mushe, malamin makaranta, mu me muka ce mata?" Gaskiyarsa, ba mu taɓa cewa komai ba. Na ce to a juya benci. Alhaji Sani ya ce rashin moto ya taɓa mini kai. An yi gardama har shayi ya huce, amma yau bencin nan, bangon mai wanki yake fuskanta, kuma dattawan unguwa suna zaune kamar ɗaliban da aka hukunta.

Ban ce na gyara Arlit ba. Tasha tana nan, gareji yana nan, kuma ban san kwana nawa Ghali zai jure kallon bango ba. Da safen nan na bi hanyarki ta bayan masallaci. Mata ne a ƙofofin gidaje, masu waina suna kiran kowace yarinya da sunanta. Ɗaya ta tambaye ni yaushe za ki dawo.

Ba zan ce ki dawo dole ba. Ɗakinki dai yana nan, mahaifiyarki tana share shi kullum tana cewa wai don ƙura. In kin zo, ki nuna mini sauran wuraren da kike tsallakewa, zan bi ki. A gefenki, ba a baya ba.

Allah ya tsare ki a kan kowace hanya, ya sa ki yi tafiya ba waiwaye, ya zaɓa miki abin da ya fi alheri, ko da ba nan ba ne.

Batun taswira kuwa, taki ce daidai. Ni na yi kuskure.

Naki,
Baba, mai tafiya a ƙasa.