Fitilun Cikin Motar Yaya Alkasum

Zuwa ga Yaya Alkasum, a Jado.

Salamu alaikum jama'ar Jado baki ɗaya! Masu haƙa, masu tankaɗe, masu dafa shayi, da waɗanda sukaje neman zinariya suka samo gemu, kowa ya gyara zama. Sama'ila ne ke gaisuwa, babban injiniyan ƙasar Damagaram wanda gwamnati bata gano ba tukuna.

Yaya ina gajiya, ya aiki, ya zafin wurin? Da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Inna na gaisheka. Rubutun kasan nawa ne, ni da lakol tun aji uku muka rabu, in kaga harafi ya kwanta ka tada shi da kanka. Tunda wurinku ba reso balle waya ta shiga, Ɗanladi direba zan ba takardar.

Matarka Lubabatu lafiya lau, ciki ya cika wata takwas, tafiya take kamar ta ɗauko tulu biyu. Malamar awo ta sake faɗin abinda ta faɗa maka, tunda wancan karon aiki akai mata, wannan haihuwar ba ta gida bace, naƙuda na farawa a kaita matanite, asibitin haihuwa na Zinder. Nace ta kwantar da hankali, ai don haka ka bar min motarka. Sharaɗinka ina riƙe dashi, tanki cike, ba yawo, ba aro.

Sai dai na ɗan yi mata gata. Ranar awo na tsaya unguwar Zango a Zinder, naga motar wani yaron alhaji cikinta na wani haske shuɗi, wallahi ƙafarsa ma tayi kyau. Nace motar yayana da me ta gaza? Na shiga shago na sayo da kuɗin gumina. Fitilu ne sirara kamar mazagin wando, guda huɗu, bayansu da gam, sai ɗan akwati da telekoman na kunnawa da kashewa. Biyu na manna ƙarƙashin tablo, wato allon gaban direba, biyu ƙarƙashin kujeru, na tura wayoyin cikin kafet da wuƙar Inna ta yankan kuɓewa. Mai shagon yace a soka kan wayar a ramin kunna taba. To ramin motarka ya mutu tun zamanin baturen da ya fara hawanta. Wani da nan zai tsaya. Ni na guntule kan, na ƙara waya, na bi da ita ta wani huji kusa da birki har gaban mota, ja na ɗaure a kan batir, baƙi a jikin ƙarfe, na naɗe da sikoci, wato salatif. Yatsa ɗaya kawai na yanke.

Yaya da magariba na danna, sai Inna ta saki buta tana a'uzubillahi, wai aljanu sun kama haya. Kala bakwai! Ja, kore, shuɗi, har da mai bin kiɗa. Lubabatu tayi dariya sai da ta riƙe ƙugu, wai ƙanen miji ya maida mota ɗakin amarya, saura jeren kwalla. Nace tayi a hankali, ni ne mijin da ke nan, wancan yana rami.

Ka gaida abokan aikinka, kace musu injiniya na sa musu albarka.

Naka, Sama'ila.

*

Yaya Alkasum,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da duk ƴan ramin. Mu lafiya, damina tayi kyau, hatsi ya kai ƙugu, kwarin hanyar Mirriya ma ya fara riƙe ruwa.

Ɗanladi ya dawo ya faɗa min saƙonka. Kalma uku ka aiko dashi tun daga Jado, wai cire tarkacen nan. Haba Yaya. Ko sannu da yanke yatsa babu? Baka gani bane. Ka bari Lubabatu ta sauka, in ɗauko jariri cikin hasken, ya buɗe ido yasan gidan manya yazo, sannan in cire. Nayi alkawari.

Kai da Umaru makanisiye bakinku ɗaya. Ranar Lahadi na kai motar Mirriya shan iskan taya, ba yawo bane, taya ce tayi ƙasa. Ya buɗe gaba yaga wayata, ya kama haɓa, wai ba haka ake ba, ta bayan kwantak, wurin makulli, ake bi da ita a sa mata fizibil, wato fis, yadda in an zare makulli komai zai mutu. Nace Malam Umaru, wanda keda telekoman a aljihu me zaiyi da makulli? Hassada ce kawai. Shekara ashirin yana kwance ƙarƙashin mota, bai taɓa sa guda tayi kyau ba.

Abu ɗaya ne fitilun basa so, rana. Da tsakar rana ko ka kunna ba ka ganin komai, kamar babu su. Ranar kasuwa ce, abokai sun taru suna cewa ƙarya nake. Sai na ari tabarma biyu da babbar rigar wani mai goro, muka lulluɓe gilasai, ina shigar dasu biyu biyu. Har wani tsoho mai awaki ya shiga, ya fito yana tambaya ko haka Makka take. Kaga suna Yaya, sunanka nake ɗagawa.

Na dawo kafin la'asar, na sa motar cikin rumfa, na rufe da tampol har ƙasa na danne da duwatsu. Ba mai sake taɓa ta sai ranar haihuwa. Lubabatu ta haɗa kayanta a jaka, tace in gaya maka ƙafarta ce kawai ke kumbura, kada ka damu.

Ƙanenka injiniya, Sama'ila.

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ina fata takardar nan ta sameka a zaune. Inna ce tace in rubuta, don ba wani mai rubutu a gidan sai ni.

Lubabatu ta rasu ranar Alhamis. Allah ya jiƙanta. Ta haifi mace, yarinyar tana raye.

Zan faɗa maka yadda akayi, kada kaji a bakin wani. Da hantsi abin ya taso mata, kwana huɗu da zuwana Mirriya. Ina gona aka kirani, na sheƙo da gudu, na yaye tampol, muka sa Lubabatu a baya ita da Inna. Na murɗa makulli. Shiru. Ko tablo bai kawo wuta ba. Na murɗa yafi sau ashirin. Mutane suka fito daga gonaki suka kama turi, ina ce musu otomatik ce turi baya tada ta, ba wanda ya saurareni, daga baya nima na sa kafaɗa. Muka turata har gindin tsamiya. Tanimu maƙwabcinmu ya ciro batirin babur ɗinsa muka haɗa, ko tari batayi ba. Na kira motar likita, akace ta fita wani ƙauye. Na kira Umaru, yace ruwa ya cika kwari, ƙaramar mota bata ƙetarewa daga wancan gefen sai ya janye. Taka mai tsayi ce Yaya, da ta wuce. Don haka ka sayeta.

Sai amalanken Tanimu. Muka shimfiɗa katifa, Inna da Zara matarsa suka riƙeta, ni ina gaba ina jan shanu. A cikin kwari ta fara zubar da jini. Ta ganni ina kuka, tace in yi shiru ina firgita shanun mutane. Maganar ƙarshe da tayi min kenan. Tafiyar da mota keyi a rabin awa, sai da rana ta take muka hau gudro, titin kwalta, wata motar haya ta sauke fasinjanta ta ɗaukemu. A matanite basu tsaya komai ba suka shiga da ita. Sun ciro yarinyar. Ita kuma sukace wurin tsohon ɗinkin ne ya buɗe tun a hanya. Kafin la'asar ta cika. A unguwar Birni cikin Zinder akai mata sutura, gidan mahaifinta.

Ranar Asabar Umaru yazo da batir a bayan babur. An maida motar rumfa, akwai inuwa. Yana ɗaura kan batir, cikinta ya kama, ja, kore, shuɗi, yana juyawa shi kaɗai. Ban danna komai ba. Tun ranar kasuwa ban kashe ba Yaya. Mutum na ƙarshe ya fita, aka yaye tabarmi, rana ta haske, na ɗauka a kashe suke. Na kawota gida haka, na rufe da hannuna yadda ko da duhu ba mai ganin hasken. Kwana huɗu suna shan batirin.

Umaru ya dubeni. Ya sa filaya ya datse wayar, ya naɗeta ya sa min a hannu, ya hau babur ɗinsa. Ko ruwa bai sha ba.

Mutanen gari cewa suke batirin ne ya tsufa. Masu zuwa gaisuwa har yaba min suke, wai Sama'ila yayi ƙoƙari, ya ja shanu har ƙafarsa ta fashe. Inna ma haka take faɗi, kuma na kasa buɗe baki in gyara mata. Liman yace in kwana ya ƙare ba mai ƙarawa, nasan gaskiya ne. Amma kace in cire ban cire ba, Umaru ya faɗa min nayi masa dariya. Kai ne ka bar min amanar, kai ya kamata ka fara sani. In kace in faɗa wa Inna da mahaifinta, zan faɗa. In kace in bar gidan, zan bari. Ban roƙi ka yafe ba, ban kai nan ba.

Yarinyar tana wurin Rahina ƙanwar Lubabatu, da yake tana goyo ita ke bata nono. Ƴar ƙarama ce amma tana kama nono da ƙarfi. Anso a raɗa mata suna ranar bakwai, Inna ta hana, tace uwa ta tafi bata ganta ba, ba za'a sa mata suna uba baiji ba. Liman yace ana iya jira har sati uku. Yanzu kowa yarinya yarinya yake ce mata.

Ɗanladi zai tashi gobe, yace kwana biyu zaiyi wurinku ya juyo. Don Allah Yaya ka aiko da sunan. In baka son rubuto min, ka faɗa masa da baki ya kai wa Inna.

Ƙanenka, Sama'ila.