Sunan 'Yar Fari

Falgore, ranar Laraba

Zuwa ga ƙanwata Maijidda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙarin haƙuri, yaya zaman takaba? Allah ya jiƙan Malam Badaru, ya sa ya huta. Ɗanmaliki direba na ba wa takardar nan, tunda kullum yana bi ta wajenku in zai shiga Karaye. Kada ki yi dariyar rubutuna, a taron mata na koya, kuma hannun da ya saba da tatsar nono bai iya riƙon biro ba. Waya ɗaya ce a gidan nan, tana aljihun Malam maigidana, maganar kuwa ba ta gaban mutane ba ce.

Yarinyar nan da ta zo wanka gida, yau kwananta goma sha shida da haihuwa. Jaririn lafiyarsa ƙalau, ita ce dai. Ƙafafunta sun kumbura har takalmin da ta zo da shi ya ƙi shiga. Jiya na ga ta tashi daga ƙofar ɗaki zuwa bakin randa, taku bai fi goma ba, sai da ta dafa bango tana haki. Ta daina kwanciya, sai dai ta jingina da buhun gyaɗa ta yi gyangyaɗi.

Inna, uwar Malam, ita ke yi mata wanka safe da yamma, ruwa na tafasa, da ganyen darbejiya, sannan ta tsaya a kanta sai ta shanye kwanon kunun kanwa. Ni kuwa kin san 'yar fari ce. Shekara goma sha tara ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da ita a gaban mutane ba. Ta wutsiyar ido nake kallonta.

Jiya Talata muka yi taronmu a gindin durumin gidan mai unguwa, kowa da ƙwaryar gyaɗarta tana ɓara. Malama Sadiƙa, ma'aikaciyar lafiyar da ke zuwa mana daga Rogo duk mako, ta tambaya gidan wa ke da mai jego, don ta shiga ta duba ta. Dokar taronmu, tun rigimar da aka yi bara kan shiga gidan mutane ba izini, sai 'yar gida ta faɗa da bakinta. Mata suka juyo suna kallona. Na sunkuyar da kai na ci gaba da ɓarar gyaɗa kamar ba da ni ake ba, har aka shafa fatiha aka watse.

Maijidda, tsoro nake ji. Ke ce shugabar taron matan Yammedi, kin fi ni jin irin waɗannan abubuwa. Kumburin nan na mene ne? Ki gaida yara.

Yayarki,
Rabi'atu

Yammedi, ranar Alhamis

Adda,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah, haƙuri sai ma'abocinsa. Zan gajarta gaisuwa, don na karanta takardarki.

Wai "yarinyar nan". Ko a takarda ma, wadda ba ta da ido ba ta da kunne? To ni zan rubuta: Zakiyya. Ni na goya ta a bayana lokacin da kike kawar da kai in ta yi kuka, don haka ina da bakin magana.

Ki saurare ni da kyau. Kumburin ƙafa da haki da kasa kwanciya ga mai jego, cikin alamomin da aka koya mana a taro babu wadda ta fi shi muni. An ce zuciya ce take gajiya, ruwa ya taru a jiki, kanwa da gishiri da zafin ruwa kuma su ƙara mata nauyi. Bara waccan haka muka rasa Fauziyya, matar maƙwabcinmu. Aka ce sanyi ne, aka ƙara itace a murhu. Ana saura kwana shida ta yi arba'in muka yi mata wankan da ba shi aka shirya ba. Tun daga ranar, mai jego ba ta kwana bakwai a unguwarmu ba a shiga an danna mata ƙafa da yatsa ba. Ke ma ki danna. In wurin ya loɓa bai taso ba, to ba sanyi ba ne.

Na ari waya na kira Malam Barau. Ya ce mini, "Lafiya lau, jego ne kawai, Inna na kula da ita," sannan ya hau ba ni labarin farashin taki. Mijinki mutumin kirki ne, amma da saniyarsa ce ke haki da tuni ya tara gari.

Da ba takaba ta ɗaure ni ba, da kin gan ni a ƙofar gidanku da asuba. Yanzu ko taron namu a tsakar gidana ake yi. A daina ba ta kanwa yau ɗin nan, a kai ta asibiti, kada ki jira Talata. Na san kina jin nauyin Inna Barira, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ki amsa mini gobe, don Allah.

Ƙanwarki,
Maijidda

Falgore, ranar Lahadi

Ƙanwata Maijidda,

Sallama da gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da jinkiri, motar Ɗanmaliki ce ta kwana biyu a wajen bakanike.

Na danna. Na jira sai da Inna ta tafi ɗebo ganye, na shiga ɗakin kamar mai neman tsintsiya, na tsuguna na sa yatsa a kan ƙafar yarinyar. Maijidda, kamar na danna tuwo. Ramin yana nan har na fita. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Adda, lafiya?" Na ce tsintsiya nake nema.

Da Malam ya dawo daga gona na kai masa ruwa, na ce, "Malam, mai jegon gidan nan da an kai ta an duba." Ya ce wannan sha'anin mata ne, kuma shi ba zai tsallake uwarsa ba. Sai na tattara ƙarfin halina na sami Inna a bakin murhu. Ban gama magana ba ta ajiye ludayi.

Ta ce, "Rabi, mata nawa na yi wa wankan jego a garin nan?"

Na ce suna da yawa.

Ta ce, "Ke kanki wa ya yi miki, sau bakwai? Kin mutu? Sanyi ne ya shige ta, don a gidan mijinta a kan siminti take kwana. Kuma tun yaushe uwa ta fara sa baki a kan 'yar fari? Ko kunyar ma an koya muku ajiye ta ne a gindin durumin?"

Wallahi ba mugunta ba ce. Tsohuwar nan ita ke faskare da kanta saboda jikarta, hannunta duk ya yi kanta. Amma daga ranar ta ƙara wanka ya zama uku, ta ƙara kanwa har kunun ya yi ja. Sau biyu ina faken idonta in zubar a bayan rumbu in zuba mata na gero zalla. Jiya ta kama ni da kwanon a hannu. Yanzu a ɗakinta take damawa, ta kai da hannunta.

Yau da safe yarinyar ta yi tari, na ga kumfa a bakin zanenta, da ɗan ja-ja a ciki. Leɓenta ya yi duhu. Mijinta Sabi'u yana can kudu wajen aiki, wayarsa ba ta shiga. Ni ba zan iya ɗaukarta ni kaɗai in fita da ita ba, ko ƙofar zaure ba za mu kai ba.

Ina girki ina jin numfashinta ta bayan bango. In ya ɗan yi shiru sai in bar tukunya in kasa kunne. Me zan yi?

Yayarki,
Rabi'atu

Yammedi, ranar Litinin

Adda,

Salamu alaikum. Na roƙi Ɗanmaliki ya juyo da wannan yau, kuma gobe kada ya ɗauki lodi, ya tsaya kusa da gidan mai unguwa.

Ke kaɗai ba za ki iya ba, gaskiya ne. Shi ya sa aka yi taron. Ba don ɓarar gyaɗa muke haɗuwa ba, ko a gida ma ana ɓarawa. Inna Barira za ta iya korar suruka ɗaya, ba za ta iya korar mata arba'in ba, cikinsu har da sa'o'inta. Amma ba za su taka gidanku ba sai kin buɗe baki, ku kuka kafa dokar.

Na san abin da za a ce. Za a ce Rabi'atu ta zubar da kunya, za a yi ta yi da ke a bakin rijiya har kaka ta wuce. Ki zaɓa, Adda: a yi da ke, ko a zo miki gaisuwa. Ni wata biyu ke nan ina karɓar gaisuwa, na san ɗacinta.

Gobe ki miƙe tsaye.

Maijidda

Kano, ranar Alhamis

Ƙanwata Maijidda,

Assalamu alaikum, da fatan kin wuni lafiya. Daga barandar asibiti nake rubuto miki. Tana da rai.

Ranar Talata na je taro ba ko ƙwarya a hannuna. Da Malama Sadiƙa ta yi tambayarta, na miƙe. Na ce akwai mai jego a gidanmu. Ita baƙuwa ce, ba ta san komai ba, ta ɗaga biro ta ce, "Wace ce ita a wajenki?" Mata suka daina ɓarar gyaɗa. Na ce, "'Yata ce. Ta fari. Ku taimake ni, mutuwa za ta yi." Daga nan kuka ya ƙwace mini. Ba wadda ta yi dariya. Wata ce ma ta faɗa mata sunan.

Ba a ko shafa fatiha ba aka tashi. Da kin ga layin mata a hanyar gidanmu, da kin ce biki ne. Mun iske Inna ta sauke tukunya tana shirin wankan rana. Ta tsaya a ƙofar ɗaki da ganye a hannu ta ce ba mai shiga. Sai tsohuwar matar mai unguwa, ƙawarta tun suna 'yan mata, ta matsa ta ce, "Barira, ni ma haka na tsaya a ƙofar ɗakin jikata shekara huɗu da suka wuce. Kin je ta'aziyyar. Matsa." Inna ta sauke ganyen, ta matsa.

Malama Sadiƙa ta ɗora wa yarinyar abin awo a ƙirji, fuskarta ta canza, ta ce a fito da ita yanzu-yanzu. Mata huɗu suka ɗauko ta a zaune cikin bargo. Malam ya taho a guje daga gona, ya ga taron, ya buɗe ƙofar motar Ɗanmaliki da kansa. Inna kuwa ta saɓa jaririn a baya ta riga kowa shiga gaba.

A asibitin farko aka sa mata robar iska a hanci suka ce mu wuce Kano. A hanya ta fara lumshe ido, kanta na langaɓewa. Malama Sadiƙa ta ce a yi ta yi mata magana, kada a bari ta tafi. Abin da ya faru a motar nan ba zan rubuta ba.

Likita ya ce zuciyarta ta raunana, ruwa ya hau huhu, da mun ƙara kwana ɗaya da sai dai wani labarin. Ya ce ba kanwa, ba gishiri, ba tafasasshen ruwa, kuma maganin zai ɗauki watanni. Bai yi mana alkawarin komai ba tukuna, don haka tsoron bai sake ni ba. Inna tana zaune a gefena tana jan carbi, tun jiya ba ta ci abinci ba. Ɗazu ta ce mini, "Rabi, da hannuna." Na ce mata duk da hannunmu.

Matan taro sun aiko da fura da dambu, sun kuma raba kwanakin da za su riƙa shiga gidanmu in mun koma. Ki ci gaba da addu'a.

Yayarki,
Rabi'atu

Kano, ranar Litinin

Yafendo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, yaya haƙuri da zaman takaba? Ni ce Zakiyya. An cire mini robar jiya, yau na kwanta a kan bayana har na yi barci. Ƙafata ta fara saɓewa.

Tambaya ce da ni, kada ki gaya wa Adda. A mota na ji kamar ina nitsewa a rijiya, ana ta magana can nesa. Sai wata ta riƙe fuskata da hannu biyu tana cewa, "Zakiyya! Zakiyya, buɗe idonki, ni ce." Na san muryar, amma ban taɓa jin sunana a cikinta ba, shi ya sa na buɗe ido in ga wace ce.

Yanzu ta koma "ke" da "yarinyar nan". Ɗazu ta shigo ta gyara mini zane, ta taɓa goshina, ta ce wai tsintsiya take nema.

Yafendo, ita ce ko?

'Yarki,
Zakiyya