Bas Ɗin da Baba Ya Auna da Mama

Spokane,
9 ga Satumba

Zuwa ga Malama Harker,

Ki yi haƙuri da ƙarfin halin da na yi na rubuto miki alhali ba ki san ni ba. Sau uku ina fara takardar nan ina yagewa. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mutanen gidanki, kuma sanyin da ya fara shigowa bai takura miki ba.

Sunana Marnie Tollefsen, shekaruna goma sha shida, ina aji na sha ɗaya. Ni da Mama da Baba muna zaune ne a cikin bas ɗin makarantar da kika tuƙa, gajeren nan mai lamba 14, mai lif na ɗaga keken guragu a ƙofar gefe. Baba ya saye shi a gwanjo shekara biyar da suka wuce. Na ga sunanki a wani tsohon kati da aka liƙa a saman kujerar direba, da lambar ofishin makarantun garinku. Da na kira, matar da ta ɗauka ta ce ba su ba da adireshin kowa, amma in na aiko da wasiƙa za ta kai miki da hannunta.

Ba na jin za ki gane shi yanzu. An rufe rawayar da fenti kamar yadda doka ta ce, Mama ta zaɓi kore, an cire jajayen fitilu da allon tsayawa. Kujerun duk sun fita. Baba kafinta ne, Mama kuwa tana kan keken guragu tun ina shekara tara saboda ciwon jijiyoyi, shi ya sa ma ya nemi bas mai lif. Da zai fara aiki bai bi awon da kafintoci suka saba ba. Ya shigar da Mama tsakiyar bas ɗin babu komai a ciki, ya ce ta miƙa hannu kamar za ta ɗauki gishiri, ya yi alama a bango. Haka ya yi wa famfo, da murhu, da makunnin fitila, da taga. Ƙarƙashin wurin wanke-wanke bai sa kabad ba, don gwiwoyinta su shige. Ni da shi sai mun sunkuya muke wanke kwano. Mama tana kiransa Dogo, kuma tana cewa a duk faɗin Amurka nan ne kaɗai take samun ganin sanƙonsa da kyau.

Yanzu ya zama dole mu sayar. Likita ya ce Mama za ta riƙa karɓar magani a asibiti duk mako biyu, kuma kada ta ƙara yin lokacin ƙanƙara a cikin mota. Mun samu gidan haya a ƙasa, babu matakala, kusa da asibitin, amma mai gidan ba zai riƙe mana shi ya wuce ƙarshen Oktoba ba. Abin da muka mallaka duka a jikin bas ɗin nan yake.

Da farko Baba ya sa dala dubu arba'in da biyar, don ya haɗa abin da ya kashe da shekara biyu na aikin hannunsa. Wata guda ba wanda ya kira. Yanzu ya sauko dubu ashirin da shida. Wani dillali, Malam Pruitt, ya zo ya zagaya shi yana ƙwanƙwasa bango. Ya gaya wa Baba cewa ba wanda ke biyan gumin wanda ya gina, inji da lafiyar ƙarfen ƙasa ake saye. Ya ce banki ba ya ba da rance a kan motar da mutum ya haɗa da kansa, don haka mai saye da kuɗinsa a hannu yake zuwa, shi ne kuma mai yanka farashi. Ya taya dubu goma sha bakwai. Amma ya ce da akwai takardar da ta nuna an taɓa sabunta injin, da ya ƙara. Makanikinmu yana ganin an yi, sai dai a gwanjo ko takarda ɗaya ba a ba mu ba.

Abin da ya sa na dame ki ke nan. Ko kin tuna an yi wa injin babban gyara, kuma a wace shekara? In ba ki tuna ba, ba komai, kada ki wahalar da kanki. Baba bai san na rubuto ba, ba ya son roƙo.

Ki huta lafiya.

Taki cikin girmamawa,
Marnie Tollefsen

Spokane,
29 ga Satumba

Zuwa ga Malama Harker,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙugun da kika ce yana hana ki tuƙi? Allah Ya sawwaƙe. Mama ta ce in gaya miki ki riƙa ɗora masa jakar ruwan zafi kafin ki tashi daga gado, ba bayan kin tashi ba.

Wasiƙarki ta iso ranar Alhamis. Ban san yadda zan gode miki ba. Ban zaci za ki je har gidan tsohon shugaban gareji ki sa shi ya kwance akwatunansa ba. Dole na gaya wa Baba gaskiya, tunda ga takardun inji a hannuna. Bai yi faɗa ba. Ya karanta su a tsaye, sannan ya daɗe yana kallon hotonki a bakin ƙofar bas ɗin, lokacin yana rawaya. Mama ta ce ashe duk shekarun nan akwai 'yar rubuce-rubuce a gidan, ita ce ba ta sani ba, tunda a baki ba na iya ko sayo burodi ba tare da kunya ta kama ni ba.

Kin tambayi yadda cinikin ke tafiya. Malam Pruitt ya ga takardun ya koma dubu ashirin da ɗaya, amma da sharaɗi. Sai Baba ya cire lif ɗin, ya toshe ƙofar, ya ɗaga kicin ɗin zuwa tsayin da kowa ya saba. Ya ce lif ɗin yana cin wurin gado guda, kuma masu sayen irin wannan mota matasa ne masu hawan dutse, ba wanda zai biya kuɗi ya riƙa yanka albasa a durƙushe.

Ina ganin akwai laifinmu a ciki. Wani a intanet ya ce in za ka ɗauki hoton cikin bas ka durƙusa, ɗakin zai fi faɗi a ido. Haka Baba ya yi duk hotunan tallar, lif ɗin ma bai ɗauka ba. Saboda haka duk wanda ya zo bai san abin da zai tarar ba. Mutum shida suka zo, dukansu dogaye. Wasu mata da miji sun tuƙo awa biyar daga Portland. Matar tana shiga ta yi dariya, ta ce wa mijinta ya zo ya ga kicin ɗin 'yar tsana. Ba ta lura Mama tana bayan labule ba. Mama ta turo kekenta ta fito ta ce, "Sannunku da hanya. Ni ce 'yar tsanar. Za ku sha kofi?" Sun sha kuwa, don kunya ta hana su ƙi. Ni ce na kasa zama, na fita na tsaya a bayan mota.

Baba ya sayo katako. Ƙarfen ɓanɓara yana kan tebur yau kwana huɗu, muna matsar da shi gefe mu ci abinci. Mama tana ta ce masa ya cire kawai, itace ne, ba yatsunta ba. Amma yau da na dawo daga makaranta na same ta tana shafa wa katakon kicin ɗin mai, lungu-lungu, kamar yadda take yi duk wata. Na yi kamar jakata nake gyarawa. Baba ya ce ranar Asabar sha ɗaya ga Oktoba zai fara, in ba haka ba ba zai gama kafin ƙarshen wata ba.

A ƙasan wasiƙarki kin ce in auno miki wasu wurare. Ban gane dalili ba, amma na auna sau biyu. Daga ƙasa zuwa saman kicin inci talatin ne. Wurin shigar gwiwa inci ashirin da bakwai. Hanyar tsakiya inci talatin da huɗu, kuma keke yana iya juyawa a gaban gado. Lif ɗin yana aiki, Baba yana sa masa mai duk wata uku.

Mama da Baba suna gaishe ki.

Taki,
Marnie

Spokane,
2 ga Nuwamba

Zuwa ga Malama Harker,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata ƙugun ya yi sauƙi, kuma ƙanƙarar da aka ce ta sauka a wajenku ba ta rufe miki ƙofa ba. Ki duba bayan ambulan, adireshinmu ya canja.

Na san Corinne Vasko, wadda kika turo mana, ta kira ki, amma na tabbata ba ta gaya miki komai da komai ba, ni kuma ina wurin. Ta iso ranar Juma'a da la'asar, kwana ɗaya kafin Asabar ɗin da Baba ya sa, tana tuƙa motarta da hannu kaɗai, don ita ma a kan keken guragu take. Ta ce shekara goma sha biyu kina ɗaukar ta a bas ɗin nan, kuma ke kika fara koya mata zagi ranar da lif ya maƙale da ita a sama ana tsaka da ruwan sama. Ban sani ba ko gaskiya ne. Shekara uku tana neman motar da za ta zauna a ciki, duk wadda ta gani sai an rushe cikinta an sake, ita kuwa ba ta da kuɗin yin aiki biyu.

Baba ya zo zai nuna mata yadda ake kunna lif ɗin, ta ce ya bari. Ta danna, ta ɗan jira, ta sake dannawa, daidai yadda lif ɗin yake so. Da ta shiga ba ta kalli fenti ko labule ba. Kai tsaye ta wuce kicin, gwiwoyinta suka shige, ta buɗe famfo ta rufe, ta jawo durowar cokula. Ta miƙa hannu ta buɗe taga ba tare da ta ɗaga kafaɗa ba. Sai ta shiga ƙare wa kicin ɗin kallo, har na fara tsoron wani abu ne bai yi mata ba. Can ta ce, "Wa ya auna ni?"

Mama ta ce, "Ni aka auna, 'yar nan. Ke dai kin yi sa'a kin biyo tsayin manya."

Daga nan suka manta da mu. Sun fi awa suna maganar tayoyin keke da yadda ake juya tukunya mai zafi. Ban taɓa jin Mama tana irin wannan hira da kowa ba.

Sai aka zo kan kuɗi. Corinne ba ta yi ciniki ba. Ta ce dubu goma sha takwas gare ta, sauran na sa wa bas ɗin abin tuƙi da hannu ne, kuma ta san bai kai ba, don haka ba za ta ji haushi ba in an ce a'a. Ta tafi masauki ta bar mu mu yi shawara. Dubu ukun da ke tsakaninta da Malam Pruitt su ne Baba ya yi niyyar sayen tsohuwar akori-kura da su, don zuwa wurin aiki da ɗaukar kayansa. Abin da ya ba ni mamaki, Mama ce ta ƙi. Ta ce kada ya yi kyauta da abin da ba shi da shi saboda ita, ita gida mai ɗumi take bukata, ba wurin tunawa ba, kuma mutum mai shekara hamsin da biyu ba zai riƙa jiran motar haya a cikin ƙanƙara da akwatin kayan aiki ba. Ta yi maganar da zafi sosai. Baba yana zaune, hannuwansa a kan gwiwa. Da ta gama ya ce, "Lorna, sau biyu ina sa ƙarfen ɓanɓarar nan a ƙarƙashin katakon kicin kuna asibiti. Hannuna ya ƙi." Sai Mama ta ce to ya sayi safar hannu mai kauri, don ba za ta saurari ƙorafi ba.

Da safe ya kira Malam Pruitt ya ba shi haƙuri, ya mayar da katakon shago. Corinne bahaguwa ce, saboda haka kwana ukun da suka biyo baya Baba ya yi su ne yana mayar da makunnai da maƙalin tawul ɓangaren hagu, yana waƙa ƙasa-ƙasa. Ranar ashirin ga wata ƙanenta ya zo ya tuƙa mata shi. Na ɗauka zan yi kuka, amma ban yi ba sai da muka shiga sabon gida.

Gidan yana da ɗumi, asibiti kuma tafiyar minti goma ce. Kicin ɗinsa irin na kowa ne, Mama ba ta iya kaiwa ga famfo, mai gidan kuma ya ce sai ya yi tunani kafin a taɓa masa komai. Don haka ni ke girki yanzu, tana zaune a bayana tana ba da umarni. Na ƙona wake sau biyu. Baba yana fita ƙarfe shida ya hau motar haya, ya zuwa yanzu bai yi ƙorafi ba.

Malama Harker, na san abin da ya haɗa mu ya ƙare, ba ni da sauran tambaya a kan inji ko awo. Amma saboda yawon da muke yi da bas ɗin, a shekara biyar na yi makarantu bakwai, ban taɓa daɗewa a wuri har na samu wanda zan rubuta wa ba. Makonnin nan duk abin da ya faru sai in ji ina shirya yadda zan gaya miki shi. In ba zai zame miki nauyi ba, ko za ki yarda in riƙa rubuto miki lokaci-lokaci, ko da babu dalili? Ba sai kin amsa kowace ba.

Taki,
Marnie